Dogaran Jini: Tarihin Gwajin da A Ke Yi Kafin Ƙarin Jini

Yau maganarmu a kan ƙarin jini ta ke, da gwajin da ma'aikatan asibiti su ke yi kafin su ɗaura wa majiyyaci jinin wani. Da ku mu ke, mutanen ƙasar Bagudo, da na Illo, da Ka'oje, da Zagga, da Lolo, da Tsamiya, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, wajen Segbana da Kandi cikin Jamhuriyar Benin, waɗanda mu ke cin kasuwa tare da su, mu ke kuma auratayya.

Mai karatu, wataƙila ka taɓa kai mara lafiya asibiti, likita ya duba cikin idonsa da tafin hannunsa, ya ce sai an ƙara masa jini. Ka nemo ɗan'uwa ya bayar, ga jini a leda kana gani, amma aka ce ku dakata tukuna, ana gwaji. Awa guda ta wuce, ranka ya ɓaci, ka ce ma'aikatan nan sun cika jan rai. To, ka yi haƙuri ka ji labarin wannan dakatawa. Kafin likitoci su gane amfaninta sai da aka yi kusan shekara 300 ana lalube, aka kuwa yi asarar rayuka masu yawa.

Jinin dabba a jikin mutum

Cikin shekarar 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana cewa jini zagaya jiki ya ke yi, zuciya ce ke tura shi, ya bi jijiyoyi ya komo. Da likitoci suka ji haka sai suka ce, ashe ana iya ɗura wa wanda jininsa ya zube wani jini ta jijiya. Suka fara gwadawa da karnuka.

Cikin 1667 wani likita a birnin Faris, Jean-Baptiste Denis, ya ɗura wa wani yaro jinin ɗan rago kaɗan, yaron bai mutu ba. Sai ya daɗa ƙarfin hali. A ƙarshen shekarar nan aka kawo masa wani mutum mai taɓin hankali, ya ɗura masa jinin maraƙi, wai ko sanyin halin maraƙi ya kwantar da shi. Karo na farko ba a ga wani abin tashin hankali ba. A karo na biyu hannun mutumin ya ɗauki zafi, gumi ya keto masa, ya yi ta kukan ciwon baya wajen ƙoda, ya yi amai. Da gari ya waye ya yi fitsari baƙi ƙirin, kamar an dama shi da kunkunniya. Ka riƙe waɗannan alamu da kyau, gama har yau su ne alamun jinin da jiki ya ƙi. Denis ya rubuta su duka, amma bai san dalilinsu ba. Mutumin ya mutu a farkon 1668, magana ta kai gaban shari'a, daga baya hukuma ta hana ƙarin jini a Faransa. Aka jingine abin har wajen shekara 150.

Wanda ya sake ta da maganar wani likitan mata ne a Landan, James Blundell, wanda ya gaji da ganin mata suna mutuwa saboda zubar jini bayan haihuwa. Ya tabbatar da cewa mutum sai jinin mutum. Daga 1818 ya fara ƙarin jini daga mutum zuwa mutum, cikin wajen 10 da ya yi wa kuwa, kimanin rabi suka tashi. Likitocin da suka biyo bayansa suka yi ta ganin abin mamaki. Jini ne na lafiyayyen mutum, a ɗura wa wannan ya miƙe, a ɗura wa wancan ya kama rawar ɗari, ya yi baƙin fitsari, ya cika. Ƙarin jini ya zama kamar caca.

Tsagar gado da dogarai

Cikin 1900 da 1901 wani likita a birnin Viyana ta ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya warware rabin matsalar. Ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa. Ka san in aka bar jini cikin kwalba ya kwanta, jajayen ƙwayoyi su kan koma ƙasa, wani ruwa rawaya-rawaya ya taso sama. Sai ya riƙa gauraya ruwan jinin wannan da ƙwayoyin jinin wancan. Wani gaurayen ya zauna lafiya lau. Wani kuwa nan da nan sai ƙwayoyin su dunƙule, su yi gudaji kamar kunun da bai damu ba.

Ga abin da ya gano. Kowace jar ƙwayar jini tana da shaida a jikinta, kamar yadda a da a kan gane Bakabe ko Bagobiri da tsagar fuskarsa. Wannan shaida gado ce daga uwa da uba, ba ta sauyawa har mutum ya mutu. Cikin ruwan jini kuma akwai waɗansu abubuwa da ido ba ya gani, aikinsu tsaron gari. Likitoci suna ce da su antibodi, mu kuwa a nan bari mu kira su dogaran jini. In sun ga ƙwaya mai tsagar gida sai su ƙyale ta ta wuce. In sun ga baƙuwar tsaga sai su kama ta, su ɗaure ta da 'yan'uwanta, su fasa ta. Jan abin da ke cikinta ya tsiyaye, ya bi ta ƙoda, shi ne baƙin fitsarin nan da Denis ya gani. In abin ya yi yawa ƙoda ta kan tsaya da aiki.

Landsteiner ya sami kashi uku, waɗanda yanzu a ke kira A da B da O. Cikin 1902 abokan aikinsa suka sami na huɗu, watau AB. Mai jinin A yana da dogaran da ke kama B. Mai B yana da masu kama A. Mai O ba shi da tsagar A ko ta B, amma yana da dogarai iri biyun duka. Mai AB ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Waɗannan dogarai ba sai mutum ya taɓa karɓar jinin wani ba, tun yana jariri ɗan watanni su ke tsirowa. Shi ya sa ko ƙarin jini na farko yana iya kisa in an saɓa. A Nijeriya kusan rabin jama'a masu O ne, masu AB kuwa 'yan kaɗan.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Cikin 1907 Reuben Ottenberg a Niyu Yok ya fara gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a ɗura. Cikin 1914 da 1915 aka gane cewa wani gishiri da a ke kira sitiret yana hana jini daskarewa, har a iya ajiye shi, abin da ya taimaki sojojin da aka ji wa rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikin 1937 aka buɗe ma'ajiyar jini a wani babban asibiti na Shikago. Shi kuwa Landsteiner an ba shi lambar yabo ta Nobel cikin 1930, ranar haihuwarsa kuma, 14 ga Yuni, ita ce yau ranar masu ba da jini ta duniya.

Matar da ta ƙi jinin mijinta

Likitoci suka ɗauka an gama. Sai cikin 1939 waɗansu likitoci biyu a Amurka, Philip Levine da Rufus Stetson, suka ba da labarin wata mata da ta haifi ɗa ba rai, ta zubar da jini. Jininta O ne, na mijinta ma O ne, don haka aka ɗura mata nasa ba tare da wani shakka ba. Nan take ta rikice. Da suka gwada ruwan jininta sai suka ga yana dunƙule ƙwayoyin mijin, yana kuma dunƙule na kimanin mutum 80 cikin 100 na waɗanda bisa ga lissafin A da B ya kamata a ce sun dace da ita.

Levine ya yi tunani ya ce, lalle akwai wata tsaga dabam da mijin ya ke da ita, ita ba ta da ita. Ɗan da ke ciki ya gaji tsagar daga ubansa. Jininsa kaɗan ya tsallaka cikin na uwa, jikinta ya ga baƙo, ya ɗauki sabbin dogarai. Su ne suka ƙetara mabiyiya suka kashe ɗan, su ne kuma suka tare jinin mijin da ya shigo. Cikin 1940 Landsteiner da Alexander Wiener suka yi wani gwaji da jinin wani irin biri mai suna resus, daga nan tsagar ta sami sunanta na Rh. Wanda ya ke da ita a kan ce jininsa fozitif ne, wanda ba shi da ita kuwa negatif.

A nan ka lura da bambanci, domin shi ne gindin maganarmu. Dogaran A da B kowa da nasa ya tashi. Dogaran Rh kuwa, da na sauran tsagogin da za mu ambata, jiki ba ya ɗaukarsu aiki sai baƙon jini ya taɓa shiga. Ƙofar shigarsa biyu ce: ƙarin jini, da ciki. Ko cikin da ya zube yana iya isa.

Kun san abin da mu ke kira wabi, watau mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa. Dalilan wabi suna da yawa, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai sikila, akwai tamowa. Amma in ka ga ɗan fari ya rayu lafiya, na biyu ya zo da shawara tun ranar da aka haife shi, na uku ya mutu a ciki jikinsa a kumbure, to, a binciki Rh na uwar. Sau da yawa an ɗora wa kishiya ko aljanu laifin abin da digon jini ɗaya zai bayyana. A cikin Turawa kimanin mutum 15 cikin 100 negatif ne, a Nijeriya kuwa wajen 5 cikin 100. Da baki kaɗan ne, amma ka ƙidaya matan aure 100 a garinku ka ware 5, sa'an nan ka tuna kusan dukan mazajensu fozitif ne.

An sami rigakafin wannan. Likitocin Libaful a Ingila da na Niyu Yok suka yi ta aiki a kai, cikin 1968 aka fara amfani da allurar anti-D. Ana yi wa uwa mai negatif ita cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, ta share ƙwayoyin jaririn kafin jikin uwar ya farga da su. Amma fa in dogarai sun riga sun tashi, allurar ba ta korarsu. Rigakafi ce kurum.

Saboda wannan labari ne likitoci ba su son miji ya ba matarsa jini muddin tana cikin shekarun haihuwa, in dai akwai wani mai bayarwa. Waɗansu suna tsammani wai don kada aure ya ɓaci ne. A'a. Malamai sun yi bayani cewa ƙarin jini ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ta ke yi. Dalilin na likita ne: jinin miji yana iya sa jikinta ya ɗauki dogarai a kan tsagar da 'ya'yansa za su gada.

Likitan dabbobi cikin jirgin ƙasa

Sanin akwai waɗannan dogarai dabam, ganinsu kuma dabam. Dogaran A da B manya ne, kowanne da hannuwa da yawa, su kan kama ƙwayoyi barkatai su cure su wuri ɗaya, kowa ya ga gudaji a kan faranti. Sabbin dogaran kuwa ƙanana ne. Su kan maƙale a jikin ƙwaya su yi shiru, hannunsu bai kai ya kamo ta kusa ba. Sai ma'aikaci ya duba ya ga gauraye sumul, ya ce jini ya dace, alhali kuwa ƙwayoyin duk an yi musu alamar kisa, suna shiga jiki saifa za ta tsince su.

Wanda ya gano dabara wani saurayi ne likitan dabbobi, Robin Coombs, da ke karatu a Kembirij lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi da kansa ya ba da labari cewa tunanin ya zo masa ne cikin jirgin ƙasa daga Landan, fitilu duk an dushe su saboda yaƙi, ba halin karatu. Ya ce, tun da dogaran nan na jinin mutum ne, in aka yi wa zomo allurarsu, jikin zomo zai ɗauke su baƙi, ya yi nasa dogaran masu kama dogaran mutum. In ka zuba ruwan jinin zomon nan a kan ƙwayoyin da aka maƙale wa, sai ya kama dogarin da ke kan wannan ƙwaya da hannu ɗaya, ya kama na kan waccan da ɗaya hannun, ya haɗa su. Gudaji ya fito, ɓoyayyen abu ya tonu. In kuwa ba abin da ya maƙale, ruwan zomo ba shi da abin kamawa, gauraye ya zauna sumul.

Coombs da Arthur Mourant da Robert Race suka gwada, abin ya yi, suka buga cikin 1945. Daga baya aka ga wani likitan Italiya, Carlo Moreschi, ya bayyana irin wannan dabara tun 1908, amma ba wanda ya kula. Har yau gwajin Coombs a ke ce da shi a kowane ɗakin gwaji, ko a Sakkwato ko a Parakou.

Da wannan mabuɗi sai ƙofofi suka yi ta buɗewa. Cikin 1946 aka gano tsagar Kell, cikin 1950 ta Duffy, cikin 1951 ta Kidd, kowace an sa mata sunan majiyyacin da aka fara samun dogaranta a jininsa. Yanzu dangogin tsagogin jini da aka sani sun haura 40, tsagogin kansu sun haura 300. Kada wannan ya firgita ka. Galibinsu ba su cika yin ɓarna ba. Amma ka gane cewa in an ce maka “jininku ɗaya”, biyu kaɗai aka duba daga ciki.

Jinin mutanen ƙasarmu

Duk wannan bincike a kan jinin Turawa aka fara shi, ba a daɗe ba kuwa aka ga namu ya sha bamban. Cikin 1955 Ruth Sanger da abokan aikinta suka ga baƙar fata da yawa ba su da tsagar Duffy sam. A Afirka ta Yamma kusan kowa haka ya ke. Cikin 1975 da 1976 aka gano hikimar abin: akwai wani irin ƙwayar zazzaɓin sauro mai suna baibas da ke shiga jar ƙwayar jini ta wannan ƙofa, wanda ba shi da ƙofar kuwa da wuya ta kama shi.

A gida ma an yi aiki. Asibitin koyarwa na Badun, wanda aka buɗe cikin 1957, can ne Sheila Worlledge da abokan aikinta suka binciki tsagogi da dogaran jinin 'yan Nijeriya, suka buga cikin 1974. A Zariya, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Alan Fleming da mutanensa suka buga nasu a kan jinin mutanen Arewa cikin 1985. Ɗaya daga cikin abin da suka nuna ya kamata kowa ya ji shi. A kan ce mai O jininsa na kowa ne. To, ƙwayoyinsa ne na kowa, ruwan jininsa kuwa cike ya ke da dogarai masu kama A da B, a cikin mutanenmu kuma an sami da yawa waɗanda dogaransu masu zafi ne ƙwarai, suna fasa ƙwaya kai tsaye. A ƙasashen da a ke tace ruwan a ba da ƙwayoyi zalla, abin da sauƙi. A wurinmu kuwa, inda galibi jini ɗungum a ke ɗurawa, ba daidai ba ne a ɗauki ledar O a ɗaura wa mai A ko B ba tare da an gwada zafin dogaran mai bayarwa ba. A shekarun baya-bayan nan kuma malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato sun yi ta auna tsagogin Rh da Kell da Duffy da Kidd a jinin mata masu ciki na wannan yanki.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu sikila, domin su ne a ke yi wa ƙarin jini a kai a kai, kowace leda kuwa baƙuwa ce mai tata tsaga. Cikin 1990 wani bincike a Amurka ya nuna kimanin 30 cikin 100 na masu sikila da aka yi wa ƙari sun ɗauki sabbin dogarai, domin su baƙar fata ne, masu ba su jini kuwa galibi Turawa. A Afirka, inda mai bayarwa da mai karɓa tushensu ɗaya, da aka tattara binciken ƙasashe dabam dabam an sami kimanin 7 cikin 100. Da sauƙi, amma ka tuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da gadon sikila, ana kuwa ƙiyasta haihuwar jarirai wajen 150,000 masu cutar kowace shekara. Ga kuma zazzaɓin sauro mai shanye jinin yara. A binciken ƙasa na 2021 Jihar Kebbi ce ta fi kowace jiha, yara 49 cikin 100 aka sami ƙwayar cutar a jininsu. Kowa ya san yadda sauro ya ke a fadamun kogin Kwara da damina. Inda ƙarin jini ya yi yawa, nan ne wannan gwaji ya fi amfani.

Abin da a ke yi cikin ɗakin gwaji

Da fari a kan duba A, B, O da Rh na majiyyaci da na leda. A kan gwada jinin mai bayarwa don ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Sa'an nan a gauraya ruwan jinin majiyyaci da ƙwayoyin leda cikin 'yar kwalba, a ajiye ta cikin ɗumi daidai da zafin jikin mutum, digiri 37, domin ƙananan dogaran nan ba su kamu sai da ɗumi. A wanke ƙwayoyin da ruwan gishiri sau uku ko huɗu, a ɗiga ruwan Coombs, a wulwula cikin inji, a duba. Wannan shi ke cin awa gudan nan. In aka gaggauta aka tsaya ga gaurayawa a kan faranti, manyan dogarai kaɗai za a gani.

Akwai kuma mataki na gaba, watau neman dogarai tun kafin a zaɓi leda. A kan gwada ruwan jinin majiyyaci da ƙwayoyin mutum biyu ko uku waɗanda aka san tsagoginsu sarai. In gudaji ya fito, a kawo na mutum wajen 11, a bi su ɗaya ɗaya har a san sunan dogarin, kana a nemo jinin da ba shi da wannan tsaga. Wani Bafaranshe a birnin Liyon, Yves Lapierre, ya sauƙaƙa aikin cikin shekarun 1980 da wani ɗan kati mai ramuka cike da abu kamar kamu, gudaji ya maƙale a sama, lafiyayyun ƙwayoyi su sauka ƙasa.

Gaskiya ita ce wannan mataki na gaba ba kowane asibiti ke yinsa ba a ƙasar nan, balle na karkara. Ƙwayoyin gwajin daga waje a ke sayo su, da tsada, sai a firji, cikin 'yan makonni kuma sun lalace. Har wa yau, da ya ke daga jinin Turawa a ke haɗa yawancinsu, akwai tsagogin baƙar fata da ba su a ciki. A ganinmu wannan aiki ne da ya cancanci hukumar jini ta ƙasa, wadda aka kafa da doka cikin 2021, ta sa a gaba: a haɗa ƙwayoyin gwaji daga jinin 'yan ƙasa. Kafin nan, mai sikila da aka sha yi wa ƙari, da mace mai negatif da ta taɓa rasa jariri da shawara, da wanda ya taɓa rikicewa a kan leda, su roƙi likita ya tura su ko jininsu babban asibiti a Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Takarda da iyaka

Cikin 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar da ta raba ƙasar Borgu da bakin Kwara, dangi ɗaya suka koma ƙarƙashin tuta biyu. Har yau mace ta kan yi aure a Segbana ta zo goyon ciki gidan iyayenta a Tsamiya, ɗan kasuwa ya faɗi da babur a hanyar Kandi a ƙara masa jini can, bayan shekara biyu a kwantar da shi a wannan gefe. Asibitin can yana rubutu da Faransanci, na nan da Ingilishi, littattafansu kuwa ba su haɗuwa. Majiyyaci ne kaɗai ke ƙetarewa da labarin.

Ga dalilin da ya sa labarin ya ke da nauyi haka. Sabbin dogarai su kan ja da baya in an daɗe baƙo bai shigo ba, bayan watanni ko shekaru har gwajin Coombs ya kasa ganinsu. Na Kidd sun yi suna wajen wannan. Amma jiki bai manta ba. Ana ɗura jini mai tsagar nan, cikin kwana 3 zuwa 14 sai su taso da ƙarfi. An riga an sallami mutum, yana gida, sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, zazzaɓi ya zo, jinin da aka ƙara ya zube kamar ba a yi ba. Ga mai sikila abin ya kan yi kama da tashin ciwonsa na kullum, ciwon ƙashi da duka, in kuwa aka sake ƙara jini ba bincike, ana iya daɗa rura wutar. Don haka in haka ta faru, ka koma asibiti ka faɗa da bakinka cewa an yi ƙarin jini kwanan nan, ka faɗi ranar.

Duk wanda aka ƙara wa jini, a nan ko a ƙetare, ya nemi a rubuta masa ranar, da yawan leda, da rukunin jininsa, da ko an sami wata matsala. In takardar ta Faransanci ce kada ka yar don ba ka iya karantawa. A, B, O iri ɗaya ne ko'ina, in kuma ka ga haruffa uku, RAI, wannan shi ne sakamakon neman ɓoyayyun dogarai a wurinsu. Ka adana ta tare da takardun gona. Ke kuma uwargida, ki je awon ciki tun da wuri, ki tambayi ungozoma ko jininki fozitif ne ko negatif, ki faɗa mata cikin da kika yi duka, har da wanda ya zube, kada kunya ta hana ki. Jaririn da ya yi rawaya cikin kwanansa na farko a duniya, asibiti za a kai shi ran nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

In an zo ɗaura leda, ka bari nas ta tambayi sunan majiyyaci da na mahaifinsa, ko da ta san shi. Yawancin mutuwar da saɓanin A, B, O ke jawowa daga musanyar suna ne, an manna takardar wani a kwalbar wani, a garuruwanmu kuwa Muhammadu uku suna iya kwana ɗaki ɗaya. Minti 15 na farko su ne mafi hatsari, kada mai jinya ya fita. In majiyyaci ya ce yana jin sanyi, ko zafi a hannun da aka sa allura, ko ciwon baya, ko ƙirjinsa ya ƙulle, a kira ma'aikaci nan take a tsai da jinin. Kada a jefar da ledar. Za a mai da ita ɗakin gwaji tare da sabon jinin majiyyaci da fitsarinsa na farko, a ɗiga ruwan Coombs a kan ƙwayoyinsa a ga ko an maƙale musu, a nemi sunan dogarin, a rubuta masa a kati ya tafi da shi.